Agogon Kakanki Ba Ya Son Akwati

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata, Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki da lafiyar jiki da kwanciyar rai. Allah Ya sauke ki Yamai lami lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙon wuri, Ya haɗa ki da mutanen kirki a jami'a, amin.

Na sa takardar cikin jakarki ƙarƙashin kwalin maganinki, don na san nan za ki fara buɗewa tun kina kan hanya. Ki yi haƙuri da rubutun. Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, aka mai da ni gona, sauran abin da na sani a kan teburin gyaran agogo na tsince shi, a kasuwar Tasawa. Kwana huɗu ke nan ina rubuta ta tsakanin azahar da la'asar, lokacin da masu kawo gyara ke raguwa. Da baki ba zan iya ba. Ke ce ɗiyar fari, kuma kin ci sunan mahaifiyata. Shekara goma sha tara ina ce miki Uwata, ina kau da kai in kin shigo, ina aika miki saƙo ta bakin innarki alhali kina tsaye a gabana. To yau ba na son ɗan aike.

Maganar agogo ce. Ranar da na miƙa miki agogon Baba, kakanki, kin karɓa da hannu biyu kin yi godiya. Daga baya na ji kina ce wa innarki a madafa wai ya yi miki nauyi, na maza ne, 'yan matan Yamai za su yi miki dariya. Kika nuna mata wani akwati a wayarki, mai gilashi, wanda ake sa agogo ciki ya dinga juya shi da kuran, wutar lantarki, don kada ya tsaya. Kika ce in kin isa za ki nemi irinsa, ki aje agogon kan teburinki yana tafiya, kina kallonsa kina tuna gida. Innarki ta ce, "Ai kuwa ya yi kyau, kamar gidan sarauta." Ni ina bayan katanga ina wanke moto, babur ɗina. Sai da na aje bokitin.

Uwata, na san akwatin nan. Na taɓa ƙera irinsa da hannuna. Ina roƙonki kada ki saya, kuma zan gaya miki dalili, ko da yake ban taɓa gaya wa kowa shi cikakke ba.

Bari in fara da yadda agogon yake, don ke kin tashi a zamanin masu pil, wato ɗan batiri. Wannan ba shi da pil. In kika buɗe bayansa za ki ga wani ƙarfe mai kamar rabin wata, sakakke, yana lilo. Duk sanda hannu ya motsa sai ya juya, juyin nan shi ke ɗaure wata murɗaɗɗiyar waya da muke ce wa rasor, ita kuma tana warwarewa a hankali tana tura allurai. Ma'ana, daga jikin mai shi yake ci. In kin ɗaura shi kin wuni kina harkokinki, ya ƙoshi. In kin cire shi kin aje, zai yi kwana biyu ba kaɗan yana tafiya da abin da ya tara, sannan ya yi shiru. Shirun nan ba lalacewa ba ne. Yana nufin hannun da ke ciyar da shi ya daina motsi. Ki riƙe wannan.

Baba ya sayo shi Kano lokacin da yake zuwa cirani, tun ban zo duniya ba. A hagu yake ɗaura shi. Da shi yake noma a Korgom, da shi yake ɗaurin dami, da shi yake kora amalanke zuwa kasuwa. Ban taɓa jin ya tsaya ba. Mutanen unguwa har liman kan leƙo su ce, "Malam Idi, la'asar ta yi?" Ya ɗaga hannu a hankali, ya daɗe yana dubawa kamar mai karanta wasiƙar gwamna, sannan ya ba da amsa.

Kina shekara bakwai, wata ranar kasuwar Korgom na shimfiɗa kayana, sai ga Baba ya zo ya aje mini agogon a kan tebur. Ya ce, "Haruna, abin naka ya hwara ƙarya. Jiya ya tsaya, shekaranjiya ya tsaya. Kai da kake gyara na duniya, ga na ubanka."

Na ji daɗi, wallahi. Baba bai taɓa ɗaukar sana'ata da muhimmanci ba, cewa yake namiji da ƙarfinsa ya zauna yana tsintar ƙwayar gero da hantsaki. Ga shi yau ya zo wurina. Na kawo agogon Tasawa, na warware shi ɗaya bayan ɗaya, na wanke, na sa mai, na haɗa. Ban ga wani aibi ba. Na ɗaura a hannuna kwana biyar, ko sau ɗaya bai tsaya ba. Na mai da mishi. Kasuwa ta zagayo, ya ce ya sake tsayawa. Na sake warwarewa, na canza rasor ɗin da lafiyarsa lau. A hannuna ya tafi daidai. A hannun Baba ya tsaya. Sau uku ana haka.

A karo na ukun akwai wani abokin cinikina a gefen tebur, Buba, makiyayi ne daga rugar da ke gabas da gari. Shi ma irin agogon gare shi, ya kawo in canza mishi gilashi don saniya ta taka. Yana tsaye da sandarsa a wuya yana jin ƙorafina bayan Baba ya wuce. Sai ya ce, "Kai mai agogo, nawa shekara bakwai bai tsaya ba, kuma ban taɓa ba shi mai ba, sai dai madara in ta zube mishi."

Na ce, "Ai kai ko barci kake hannunka na korar ƙuda."

Ya yi dariya, sannan ya ce, "To ka gani. A hannunka yana tahiya, a hannun tsoho yana tsayawa. Ni dai ban yi boko ba, amma in maraƙi ya rame ba maraƙin nake fara dubawa ba, uwar nake dubawa. Ka sa mishi a dama mana ka gani."

Na ce, "Buba, ka tsaya kan shanunka. Dama hannun tuwo ne, kuma Baba shekara talatin yana sa shi a hagu. Wannan ciwon cikin inji ne, ba irin naku ba."

Ya ce, "To, likitan ƙarfe," ya karɓi agogonsa ya tafi.

Kuskurena na fari ke nan, kuma girman kai ne ya jawo shi. Mutum ya faɗa mini gaskiya a tsakiyar kasuwa da rana tsaka, na ƙi ji don ba shi da turnabis na kwance agogo. Da na bi maganarsa na ɗaura wa Baba a dama, agogon ya tafi, da ko jaki ne ni na tambayi kaina me ya sami hagun. Uwata, za ki zauna cikin masu ilimi, ke ma za ki zama ɗaya. In mai sharar ɗakinku ko mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa ta dube ki ta ce, "Yarinya, idonki ya yi rawaya yau," kada ki ce ba ta san komai ba. Ki tsaya ki ji.

A makon nan ne wani Alhaji ɗan kasuwa ya kira ni gidansa a Tasawa in duba mishi agogo. A falonsa na fara ganin akwatin da kika nuna wa innarki. Daga Makka ya zo da shi. Agoguna huɗu ciki, kowanne kan ɗan matashinsa, suna juyawa a hankali, su tsaya, su sake juyawa. Na tambaye shi amfaninsa. Ya ce, "Hannu biyu gare ni, agogo huɗu. Wancan yana nuna rana da wata da shekara, in ya tsaya sai na yi rabin wuni ina neman kansa. To na ɗauka musu ɗan aiki." Na fito gidan kaina yana ta lissafi. Na ce ai ga maganin agogon Baba.

Kwana goma na yi ina ƙera shi. Na ciro injin tsohuwar rediyon kaset, na rage mishi gudu da robar tayar keke da ƙafafun wasan yara, na samu gwangwanin madara na lulluɓe cikinsa da soso, na kafa shi a karkace cikin akwatin katako. Na haɗa shi da batirin moto da ɗan pano na hasken rana. Har fenti na yi mishi, kore. Ranar da na kai Korgom rabin unguwa ta taru. Na sa agogon cikin gwangwani na haɗa waya, ya fara juyawa. Mata suna leƙe ta kan danga, liman ya ce Allah Ya yi wa yaron nan basira. Baba ya dube ni ya ce, "Ashe dai tsintar geron taka na da rana." Ban taɓa jin kaina ya yi girma kamar ranar ba.

Na koya mishi: in ya yi magariba ya cire ya sa a akwati, da safe ya ɗauka. Agogo bai ƙara tsayawa ba. Duk ranar kasuwa in na je sai in tambaya, "Baba, yaya agogo?" Ya ce, "Lahiya lau." Wata huɗu ina tambayar lafiyar agogo.

Yanzu in na zauna ina tunani, ba abin da ban gani ba. Ni da nake ganin gashin da ya faɗa cikin inji. Na ga Baba ya koma riƙe hauya da dama kaɗai, hagun yana bi kawai. Na ga in ya zauna yana ɗora hagun a cinya kamar wani kaya da aka ba shi ajiya. Na ga kofin shayi ya suɓuce mishi sau biyu, ya ce zafi ne. Na ga maɓallin rigarsa na wuya ya daina saka shi. Duk na gani, idona ya ɗauka, amma da yake agogo na tafiya sai zuciyata ta ce komai daidai. Shi kuma Baba ba mutumin da zai ce maka ga inda ke mishi ciwo ba ne. Abu ɗaya da ya iya kawo mini ƙara a kai shi ne agogon. Yau na gane da ya aje shi kan teburina yana cewa ya tsaya, iyakar abin da bakinsa zai iya faɗa ke nan. Ni kuma na ƙera abin da ya rufe wa agogon baki.

Da kaka, ana ɗaukar dami zuwa rumbu da hantsi, ya faɗi. Aka ɗora shi a amalanke zuwa likita, ɗan asibitin garin, daga nan aka ce mu wuce Tasawa. Majo, babban ma'aikacin asibitin, ya auna shi ya ce jininsa ya hau ƙwarai, ɓarin hagu ya shanye. Ya tambaye ni, "Ba ku ga alama ba? Irin wannan sau da yawa yana aiko da gargaɗi, hannu ya yi nauyi, abu ya riƙa faɗuwa. Da an zo da wuri an auna shi an ɗora shi kan magani, da wataƙila ba a kai nan ba." Na ce ba mu ga komai ba. Ƙarya na yi wa majo, a gaban ubana da ke kwance yana ji.

Shekara biyu ya yi a kwance kafin Allah Ya karɓi abinsa. Kina tuna shi a kan tabarma ƙarƙashin itacen bedi, kina ba shi kunu da ludayi. Bakinsa ya karkace, magana sai da ƙyar. Wata rana na shiga ɗakinsa na tarar ƙanena ya haɗa akwatin, agogo na ta juyawa a gefen gado. Baba ya nuna shi da haɓa, ya ce, "Akwatinka ya hi ni lahiya." Yana dariya ya faɗa, rabin fuskarsa na dariyar. Ba da zargi ya faɗa ba, na sani. Na fita da akwatin bayan gida na farfasa shi da gatari.

Allah Shi ke da rai, kuma kwanan Baba ba a hannuna yake ba. Na yarda da wannan. Amma abin da aka ɗora mini in gani, ban gani ba, kuma wannan nawa ne.

To yanzu ke.

Kin san ciwon da aka haife ki da shi, emasi, wanda mutanen Najeriya ke ce wa sikila. Kin fi ni sanin yadda yake shiga ƙashi. Abin da ba ki sani ba shi ne ni na koya miki ɓoye shi, kuma shi ne kuskurena na biyu. Kina shekara tara ya tashi miki a ƙafafu, muka kai ki likita a moto, innarki na riƙe da ke a baya. Ana neman jijiya a sa miki ruwa, an soka sau uku ba a samu ba, kika cije leɓe ba ki yi kuka ba. Ni kuwa da na kasa kallon, sai na ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Kun ga Uwata jaruma ce, ba ta kuka." Na ga yadda kika dube ni. Uban da ba ya yi miki magana ya yabe ki a gaban mutane. Daga ranar ban ƙara jin kukanki ba. Na riƙa faɗa a kasuwa ina alfahari, ɗiyata ba ta raki. Don sauƙin kaina na yi, Uwata. Kukanki yana tsinka mini hanji, sai na saye shirunki da yabo.

Bara, kina shirin bak, jarrabawar shiga jami'a, kin shiga ɗaki kin ce karatu kike, kada a dame ki. Innarki na aje abinci a ƙofa. Ni na ce a bar ki, mai neman ilimi ba a katse shi. Sai a rana ta biyu da la'asar innarki ta lura butar da ke ƙofarki ba ta motsa daga inda take ba tun jiya, ta tura ƙofa ta same ki a dunƙule, leɓenki ya bushe, ba ki iya miƙe hannu. Aka yi miki ƙarin jini. Da kika farfaɗo innarki ta ce, "Don me ba ki kira ba, ɗiyar nan? Katanga ɗaya ce tsakaninmu." Kika ce, "Na ga zai wuce ne, Inna. Kada in tayar wa Baba da hankali." Ina bakin ƙofa na ji.

Katanga ɗaya ke nan, a gidan ubanki. Yanzu za ki inda mota ke wuni tana gudu kafin ta kai. Ɗakin da ba innarki, ba wanda ya san inda butarki ke zama. Tun ranar da sakamako ya fito mutane ke yi mini barka ina amsawa, amma hankalina na wani wuri. Ina ganinki a wani ɗaki can, kin juya fuska ga bango, kin ce wa abokiyar zamanki gajiya ce, ita kuma ta yarda don ba ta san ki ba. Ina ganin na kira kin ce, "Lafiya lau, Baba," da muryar nan taki mai santsi da kika ƙware a kanta. Ban hana ki tafiya ba kuma ba zan hana ba, kin sha wuya kafin ki samu. Tsoro dai nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Shi ya sa na ba ki agogon nan ba wani ba. Ina da masu pil na mata cike da akwati, masu ruwan zinariya, da kin zaɓa. Amma mai pil ko mai shi ya kwana uku a kwance tafiyarsa yake. Wannan kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. In kina ɗaura shi kullum, kina zuwa aji kina wanki kina hawa bene, ba zai tsaya ba. Ranar da kika duba kika ga ya yi shiru, bai faɗi ba, bai sha ruwa ba, to ki san kin yi kusan kwana biyu ba ki motsa kamar mai lafiya ba, ko me zuciyarki ke gaya miki. Ranar ba ranar jarumta ba ce. Ki tashi wadda ke kusa, ku tafi likita, sannan ki kira gida. Ban ce ki jira sai ya tsaya ba, kada ki fahimce ni a karkace. Tun ciwon na taɓa ki ya kamata ki yi magana. Agogon na ranar da kika rinjayi kanki da ƙarya ne.

Kuma ki gaya wa wadda za ku zauna ɗaki ɗaya, tun makon fari. Ki nuna mata katin likitanki da inda kike aje shi. Ki ce mata, "Kin ga agogon nan mummuna? In kin ga ya tsaya ina kwance, kada ki tambaye ni, ki nemo mota." Za ta yi dariya, ki bar ta ta yi. Na san faɗin zai yi miki nauyi fiye da ciwon.

Kada ki ce don abin da ya same ni na tsani akwatin a banza. Ke mai karatu ce, za ki so hujja, to ga ta a matsayina na mai sana'a. Irin Alhajin nan mai agogo huɗu, wanda wani cikinsu ke lissafin wata da shekara, akwati na rage mishi wahala, ban ce a'a ba. Shi ma don jin daɗi ne, ba don lafiyar agogon ba. Masu sayarwa za su ce miki in agogo ya tsaya mai zai daskare ya lalace. Ni dai a aljihun teburina akwai waɗanda masu su suka manta da su shekara da shekaru, in na ɗauka na girgiza sai su kama tafiya. Mai yana tsufa ko agogo na tafiya ko yana tsaye, lokacin wanki in ya yi ya yi. Wanda kuwa ke juyawa dare da rana ba hutu, haƙoransa ci suke, kamar moto da aka bari a kunne a ƙofar gida. Ga masu arha da ke cika kasuwa, injinsu na dab da agogon, wani lokaci maganaɗisun ciki ya kama shi ya riƙa gudu kamar an kore shi. An kawo mini irinsu. Ga kuran da ke zuwa yana tafiya. Mai agogo ɗaya da hannu mai motsi ba abin da zai yi da akwati. Ke kuwa, ko kyauta aka ba ki, cuta ce a gare ki.

Nauyin da kika ce, na ji. Na cire mishi warwaron ƙarfen na sa fata baƙa siririya, na huda ta daidai hannunki. Da zaren da innarki ta auna miki kina barcin rana na gwada. Girman fuskar ba yadda zan yi da shi. In sun yi dariya ki ce na kakanki ne, manomi a Korgom, ya fi iyayensu shekaru. Ko ki ja hannun riga ki rufe. In za ki yi wanka ko wanki ki cire, ya tsufa, ba ya son ruwa. In ya tsaya, ki riƙe shi a tafin hannu ki kaɗa shi gefe da gefe a hankali kamar kina tankaɗe a faifai, sau talatin, sai ki saita ki ɗaura. Kada ki canza kwanan wata in allurai na tsakanin tara da uku, akwai haƙorin da ke karyewa. In wani mai gyara ya ce zai cire cikin ya sa miki injin pil don ki huta, ki karɓe abinki ki yi gaba. Sauran kin sani: ruwa da yawa ko ba ƙishi, maganinki kullum, rigar sanyi in an shiga ɗari, kada ki yi wanka da ruwan randa da asuba don kina sauri.

Saura abu ɗaya, kuma da kunya nake rubuta shi, don shekaranjiya na yi shi. Na san halin agogon nan kamar tafin hannuna. A hannun mutum yana ɗan gudu, kusan minti biyu a mako. In an aje shi ko ya tsaya an sake saitawa, lissafin ba ya fita haka. Sai na ƙulla a raina duk Juma'a in na kira ki zan ce, "Uwata, ƙarfe nawa a wurinki?" in gwada da nawa, in gane ko kina sawa, ko ya tsaya kin ɓoye, ko daga waya kika karanta mini. Har na ja layi a bayan littafina na kowane mako. Na nuna wa innarki ina jin na yi dabara.

Ta aje tsintsiya ta dube ni. Ta ce, "Malam, wato ɗiyar taka na kan waya, da bakinta da kunnenta, kai kuma agogo za ka tambaya?"

Na ce, "Ai ba ta faɗin gaskiya ne."

Ta ce, "Ka taɓa tambayarta? Shekara goma sha tara, ka taɓa buɗe baki ka ce mata ina ke miki ciwo? Kullum sai dai, Rabi, ki duba ta. Rabi, ki tambaye ta. To Rabi ba ta zuwa Yamai."

Na ɗauko littafin. Na yage shafin.

Saboda haka ga abin da zan yi, kuma ina gaya miki tun yanzu don kada ki ji baƙon abu. In na kira, ba zan miƙa wa innarki waya bayan sallama ba kamar yadda na saba. Zan tambaye ki da bakina: Uwata, ina ke miki ciwo yau? Muryata za ta yi rawa, ki yi kamar ba ki ji ba. Ke kuma ki ba ni amsar gaskiya, ko guiwa ce, ko baya, ko ƙirji, ko kaɗan ne. In kuka ya zo ki yi shi a kunnena. Maganar da na faɗa a likita kina ƙarama na janye ta, ban ƙara son jaruma ba. Hankalina da kike tsoron tayarwa a tashe yake tun da daɗewa, shirunki ne ke tayar da shi. Na riga na tambayi lokacin da motar safe ke tashi daga Tasawa, na kuma yi magana da wanda zai kula mini da tebur. Ranar da kika ce in zo, kafin rana ta faɗi washegari ina ƙofarki, kuma ba zan ce kin wahalar da ni ba.

Ki ɗaura shi tun cikin mota.

Allah Ya tsare mini ke, gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Allah Ya sa ciwon nan ya yi barci mai tsawo, in ya farka Ya sa akwai mai gani a kusa. Ya buɗe miki karatu, Ya ba ki abokan zama masu tausayi, Ya maido ki gida da ƙafafunki. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe mini abin da na gani na yi shiru. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki. Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Haruna mai agogo, Tasawa.